Lita Biyar Cikin Awa Huɗu: Ciwon Da Alƙalumanmu Suka Tsallake

 

Zan fara da tambaya, kowa ya amsa wa kansa tsakani da Allah. Labari nawa ka karanta a WhatsApp ko Wattpad wanda a tsakiyarsa aka ce mahaifin jaruma ya kamu da ciwon ƙoda? Ni dai na daina ƙirgawa. Tsarin kusan ɗaya ne. Tsoho ya yanke jiki ya faɗi, a kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti, likita ya zare tabarau ya girgiza kai ya ce ƙodojin duka biyu sun daina aiki, ana buƙatar miliyan kaza. Daga nan sai wani attajirin saurayi ya ɓullo da sharaɗin aure, ko jaruma ta ba da ƙodarta a ɓoye, a hau jirgi zuwa Indiya ko Masar. Shafi biyu a gaba Baba ya dawo garau yana sa albarka. In ma an ambaci wankin ƙoda, layi ɗaya ake ba shi: ana ta yi masa wankin ƙoda.

Ni ma na taɓa rubuta irin wannan layin, ban ji komai ba. Sai da Allah ya jarrabi baffana da ciwon, na zama ni ke raka shi asibiti, sannan na gane cewa a cikin layin nan da muke tsallakewa labarin yake.

Akwai wata rana da ba na mantawa. Mako guda cif Baffa bai je wanki ba domin kuɗin bai haɗu ba. Ƙafafunsa sun yi suntum, takalmi ba ya shiga, dare kuma a jingine yake kwana saboda haki. Da muka isa aka ɗora shi a sikeli, ya nuna kilo 65, alhali nauyin da likita ya rubuta masa kilo 60 ne. Aka haɗa shi da inji. Awa biyu na farko lafiya lau, har gyangyaɗi yake yi da carbi a hannu. Ana cikin awa ta uku sai na ga ya zabura. Sharaɓarsa ta dama ta dunƙule kamar an cusa dutse a ciki, yatsun ƙafar suka tanƙware ƙasa. Mutumin da ko ranar da aka sa masa roba a wuya bai yi ƙara ba, sai ga shi yana salati da ƙarfi, gumi na tsattsafo masa.

"Sannu Baba, yi haƙuri, kada ka motsa," in ji nas ɗin. Ta rage gudun jan ruwan, ta kwantar da kan gadon, ta buɗe ledar ƙarin ruwa, ta ce in riƙe tafin ƙafar in tura yatsun sama wajen ƙwauri.

Baffa ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ce musu su cire ni haka nan. Na yafe sauran."

Wannan shi ne ɗaurewar jijiya a kan injin wanki. Aƙalla mutum ɗaya cikin uku na masu wankin ƙoda yana fama da ita, a wasu wuraren ma sun haura rabi. Ta fi kama sharaɓa da tafin ƙafa, amma takan kama hannu da ciki, kuma ta fi zuwa a ƙarshen zama. Wasu har gida take bin su, ta tashe su tsakar dare. Ra'ayina a wannan makon shi ne, wanda bai san abin da ke kawo wannan ɗaurewar ba, bai shirya rubuta mai ciwon ƙoda ba. Wanda kuwa ya san shi, ya samu labarin da ya fi na jirgin Indiya nauyi.

Kafin mu shiga dalilai, ga wata 'yar gyara da ta shafe mu a matsayinmu na masu aiki da kalma. Bahaushe yana cewa jijiya ta ɗaure, amma kalmar jijiya a bakinmu jaka ce mai faɗi: hanyar jini jijiya ce, igiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya ce, agara ma wani lokacin jijiya ake ce mata. Abin da ke dunƙulewa a nan tsoka ce, wato naman da ke motsa gaɓa. Ta takure da kanta, ta ƙi saki. A bakin tauraronka bar shi ya ce jijiya, haka mutane ke faɗa. Kai mai ba da labari kuwa ka san tsoka kake nufi.

To me ke takure ta? Babban dalili ruwa ne, da saurin da ake zare shi.

Lafiyayyar ƙoda ba ta hutu. Dare da rana tana tace jini, tana fitar da ruwan da ya yi yawa a matsayin fitsari. Idan ta gaza, fitsari yakan ragu sosai, wani ma ya ɗauke gaba ɗaya. Duk abin da mutum ya sha sai ya zauna a jiki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a sikeli, shi ya sa abu na farko da ake yi wa mai wanki in ya shigo shi ne awo. Likita yana da wani nauyi da ya ƙiyasta masa, nauyin jikinsa in babu rarar ruwa, wanda za mu iya kira busasshen nauyi. Abin da ya hau kan wannan nauyin shi ake so inji ya zare. A ranar da na ba ku labari, kilo biyar ne ya hau kan na Baffa, wato lita biyar. Ledar fiya wata rabin lita ce. Ke nan leda goma Baffa ya shigo da ita a cikin fatarsa.

Matsalar ita ce inji ba ya iya miƙa hannu cikin kumburarriyar ƙafa ya ɗebo ruwa. Daga jini kawai yake ja. Jinin babban mutum gaba ɗaya kusan lita biyar ne, ruwan da ke cikinsa kuma kusan lita uku. Yayin da inji ke ja, ruwan da ya taru a nama yana tsiyayowa cikin jini yana cike gurbi, amma a hankali yake tsiyayowa. Ku tuna rijiya a watan bazara. In ana jan guga a natse, idon rijiya yana kawowa, ba za ta ƙafe ba. In aka taru a kanta da guga biyar, nan da nan sai a ji guga na kartar ƙasa, alhali ruwan yana nan cikin ƙasa bai samu damar fitowa ba. Haka jini yake yi. Yawansa ya ragu, bugunsa ya yi ƙasa, jiki ya matse hanyoyin jinin hannu da ƙafa domin ya tsare wa zuciya da ƙwaƙwalwa rabonsu. Tsokar sharaɓa ta rasa isasshen jini da iska, sai ta ɗaure. Shi ya sa za ka ga abin mamaki: ƙafa a kumbure da ruwa, tsokar cikinta kuma tana kukan ƙishi.

Likitocin ƙoda suna da ma'aunin da ba sa son a haura, wajen mililita 13 a kowane kilo na nauyin mutum cikin awa ɗaya. Mu yi lissafi da Baffa. Kilo 60 sau 13 ya ba da mililita 780 a awa, wato lita uku da ɗan ɗori cikin awa huɗu. Shi kuwa lita biyar ya kawo. In za a zare ta duka a zama ɗaya, sai an ja mililita 1,250 duk awa, leda biyu da rabi ke nan. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wasu dalilan da ke taya wannan. Wani lokaci busasshen nauyin ne aka ƙiyasta ƙasa da yadda ya kamata. Mara lafiya ya samu sauƙi, ya fara cin abinci, ya yi ƙiba ta gaskiya, amma lambar da ke kati ba ta canja ba, sai inji ya riƙa neman ruwan da babu shi. Wani kuma ya sha maganin hawan jini dab da hawa inji, jinin ya faɗi a tsakiyar zama. Wani an kawo masa kwanon shinkafa ya cika ciki yana kan gado, jini ya karkata zuwa hanji domin narkar da abinci, ƙafa ta rasa. Sai kuma gishirin jini. Tsoka da igiyoyin saƙo suna aiki ne da daidaiton sodiyam da kalsiyam da magniziyam da fotasiyam. Ruwan da inji ke wanke jini da shi yana da nasa ma'aunin waɗannan sinadarai. In sodiyam ɗinsa ya gaza na jini da yawa, ko dattin da ya taru ya fita da sauri, kaurin jini yakan sauka farat ɗaya, ruwa ya gudu daga jini ya shige cikin ƙwayoyin nama. Ƙarancin magniziyam ko kalsiyam ma yana sa tsoka saurin takurewa. Saboda haka ko mai kuɗin da ba ya fashin wanki yana iya ɗanɗana wannan azaba.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. A ƙasarmu, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya sa mutum zai zo da lita biyar tun farko?

Ƙa'idar wankin ƙoda sau uku ne a mako, kowane zama kusan awa huɗu. An tsara haka ne domin ruwan da zai taru tsakanin zama da zama kada ya yi yawa. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, ciki har da na Maiduguri da na Azare. Ɗauki alƙalami. Sau uku a mako zama goma sha uku ne a wata. A tsohon farashi naira 650,000 ke nan. A sabon farashi naira 156,000, ga wanda ya dace da samun gado a inda rangwamen ya kai. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ba a sa kuɗin mota ba, ba a sa allurar ƙarin jini ba, ba a sa gwaje-gwaje ba. Ga mutumin Gashuwa ko Haɗeja, yankunan da aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda a cikinsu, sai ka ƙara da wahalar hanya.

To me iyali ke yi? Su mai da sau uku ya koma sau biyu, sau biyu ya koma sau ɗaya, daga nan ya koma sai ranar da aka sayar da akuya ko wani ɗan uwa ya turo. Ruwan kwana bakwai ake so a kwashe a awa huɗun da aka tsara wa ruwan kwana biyu. Nas tana tsaka mai wuya. In ta ja kaɗan, mutum ya koma gida da ruwa a huhu, ba ta san ranar da zai dawo ba. In ta ja da yawa, jini ya faɗi, ƙafa ta ɗaure. Shi kuma in azaba ta ishe shi sai ya ce a cire shi, kamar yadda Baffa ya ce. A sauke shi saura minti arba'in, ya tafi da ragowar ruwa da ragowar datti, zuwan gaba ya dawo da abin da ya fi na yau. Ɗaurewar yau ita ke haifar da ta mako mai zuwa. A ganina wannan dunƙulen da ke fitowa a sharaɓar talaka, rasit ne na zaman da bai iya biya ba.

Sai kuma gida, inda ƙauna kanta ke ƙara ruwan. Mu mutane ne da ba ma zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ta kawo kunun gyaɗa a fulas, waccan ta damo fura da nono, wani ya yanko kankana, wata ta haɗo zoɓo mai sanyi ta ce yana wanke ƙoda. Duk ruwa ne. Koko ruwa ne, shayi ruwa ne, romon farfesu ruwa ne. Mai wanki kuwa sau da yawa abin da likita ke yarje masa a yini bai wuce leda ɗaya zuwa biyu ba, a ɗora da gwargwadon fitsarin da yake yi. Ka auna wannan da zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, ga ba wuta, ga randa a tsakar gida kowa na ɗiba yana kwankwaɗa a gabansa.

Abin da ke hura wutar ƙishin kuwa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram biyar na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mu kuwa a tukunya ɗaya akwai gishiri, akwai dunƙulen ɗanɗano uku ko huɗu, akwai kanwa wadda ita ma sodiyam ce cike da ita, sannan a barbaɗa yaji a kai. Ga kilishi da tsire. Mutumin da ya ci wannan ba ya iya haƙura da ruwa ko da waliyyi ne. In ka ji ana faɗa wa mara lafiya ba ya jin magana, yana shan ruwa a ɓoye, je ka leƙa tukunyar gidan tukuna. Kuma kada wani ya ce zai saya masa gishirin nan na kanti da ake cewa na masu hawan jini ne. Yawancinsa fotasiyam ne, wanda in ya taru a jinin mai ciwon ƙoda yana iya tsayar da zuciya.

Me ake yi in ta ɗaure? Abin da na ga nas ta yi: a rage ko a dakatar da jan ruwan, a mayar da ɗan ruwan gishiri cikin jini, wani lokaci a ba da ruwan suga mai kauri ta jijiya, a miƙar da tsokar, a murza ta, a ɗora tsumma mai ɗumi. Rigakafin kuwa shi ne rage gishiri, kiyaye ruwa, sake duba busasshen nauyi a kai a kai, tattaunawa da likita kan lokacin shan maganin hawan jini, da ƙara tsawon zama ko yawansa ga wanda hali ya ba shi. Akwai masu ba da shawarar kwinin, maganin zazzaɓin nan da muka sani. Tun 2006 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunne kan shan sa domin ɗaurewar ƙafa, saboda yana iya rikita bugun zuciya ya kuma lalata ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Wanda ƙodarsa ba ta aiki bai kamata ya haɗiyi ko ƙwaya ɗaya ba sai da sanin likitansa.

Na san abin da wasu za su ce: mu labarin soyayya muke rubutawa, ba littafin koyon likitanci ba, masu karatunmu nishaɗi suke nema. Na yarda. Ban ce ka tsayar da labari ka hau lacca kan sodiyam ba, wannan ma kashe labari ne. Lissafin da na yi a sama naka ne kai marubuci, mai karatu ba sai ya gan shi ba. Abin da zai gani shi ne matar da ta ɓoye moɗa daga bakin randa saboda mijinta, shi kuma ya yi fushi ya ce ta fara yi masa rowar ruwa a gidansa. Zai ga ɗan da ya tsaya yana kallon allurar sikeli ta wuce inda ta tsaya makon jiya, ya san shi ne bai kawo kuɗi ba. Zai ga uwargida da amarya suna gasar kawo wa maigida kunu, kowacce na neman fada, ba su san abin da suke ɗura masa ba. Zai ga dattijo mai faɗa a ji a unguwa yana roƙon yarinya sa'ar 'yarsa ta cire shi daga inji. Wane attajirin saurayi ne zai ba ka rikicin da ya kai wannan? Kuma duk daga sanin dalilin ɗaurewar tsoka guda ɗaya suka fito.

Akwai kuma amana. Labaranmu suna shiga ɗakunan da likita ba ya shiga. Matar da ke jinyar mijinta tana karanta mu da dare a waya. In jarumarmu ta warkar da mahaifinta da jarkar jiƙo, ko ta riƙa ɗura masa ruwa domin ƙoda ta wanku, wata za ta gwada. In muka rubuta cewa ƙafarsa ta murɗe a kan inji domin kishiya ta yi masa jifa, kuma labarin ya gaskata hakan, wani gida za a daina zuwa asibiti a koma wajen mai magani. Tauraronka yana da 'yancin ya yi zargin jifa, mutane suna yi, kuma rubuta hakan gaskiya ne. Amma kai da ka riƙe alƙalami ka bar wa mai karatu wata 'yar ƙofa da zai hango sikelin.

Ko dashen da muke gaggawar kai taurarinmu gare shi, ba sai an hau jirgi ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Kuma kafin dashe akwai watanni na wanki da gwajin dacewa, bayansa akwai magungunan da za a sha har ƙarshen rayuwa. Wanda ya tsallake wannan duka da layi ɗaya ya zubar da nama ya riƙe ƙashi.

Matambayi ba ya ɓata. Kusan kowannenmu ya san gidan da ake jinyar mai ciwon ƙoda, ko ya san wata nas. Je ka gaishe su, ka nemi izini, ka zauna ka saurara. Kada ka ɗauki hoto, kada ka kwashi sunan kowa ka zuba a labari. Tambayi mai jinya abin da ya fi ba ta wahala a mako. Tambayi mara lafiya awa ta nawa ya fi tsoro a cikin huɗun nan. Amsar da za ka ji ba ta cikin kowane labari da ka taɓa karantawa.

Ga aikin wannan makon ga mai sha'awa. Rubuta fage ɗaya, kada ya wuce kalma 300. Mutum biyu, ɗaya a kan inji, ɗaya a gefensa, saura awa ɗaya a sauke shi. Kada likita ya shigo ya yi bayani, kada kowa ya ambaci miliyan. Mu gani ko mai karatu zai gane da kansa kwana nawa suka yi ba su zo ba, da dalilin rashin zuwan. A ajiye a ƙasan wannan rubutu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu yi gyara tare. In akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu, muna roƙon su taya mu duba inda aka kauce.

Baffa dai a ranar bai sauka ba. Nas ta lallashe shi, tsokar ta saki, aka ƙarasa zaman a hankali ba tare da an kai lita biyar ɗin ba. Da muka fito yana jingine da kafaɗata, ƙafar na ɗingishi, abin da ya fara tambayata shi ne nawa ya rage a hannuna na zuwan gaba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.